Abin Da Tsami Ya Ke Yi Wa Madara Da Haƙori

Ina so mu duba abu biyu waɗanda in mutum ya ji su da fari zai ce ba dangin iya ba na baba a tsakaninsu. Na ɗaya, me ya sa wani lokaci in an zuba madara cikin gahawa, watau kofi, sai ta tsinke ta yi gudaji kamar an watsa tsakin dawa a ciki? Na biyu, wannan 'yar ledar da a ke sayarwa a kantunan magani, wadda a ke mannawa a haƙora don su yi fari, yaya ta ke aiki, kuma tana da lahani ko babu?

Dalilin da ya sa na haɗa su wuri guda shi ne, gishiri iri ɗaya ne ya ke riƙe da madara ya ke kuma ƙarfafa haƙori, sa'an nan abokin gabansu ma ɗaya ne, watau tsami. Wanda ya gane abin da ke faruwa cikin kofin gahawa ya kusa gane abin da ke faruwa cikin bakinsa. Bambancin kurum shi ne, madara in ta tsinke sai a zubar a sayo wata, amma haƙori in ya zaizaye ba kasuwar da a ke sayo irinsa.

MA'AUNIN TSAMI

Kafin mu shiga maganar madara, sai mu san yadda a ke auna tsami. Harshe ya kan gaya mana lemon tsami ya fi tumatir tsami, amma ba ya iya faɗin da nawa ya fi shi. A shekarar 1909 wani masani mutumin Denmak, sunansa Sorensen, ya fito da ma'aunin da a ke kira pH. Lambobinsa sun tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7, watau tsaka-tsaki. Abin da ya ke ƙasa da 7 mai tsami ne, abin da ya ke sama da 7 kuwa dangin kanwa ne da ruwan toka.

Akwai abu ɗaya da ya kan rikita masu koyo. Da lambar ta ke sauka, tsamin ƙaruwa ya ke yi, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Abin da ke kan 5 ya fi na kan 6 tsami sau 10, ya fi na kan 7 sau 100. Ga kaɗan daga abubuwan da mu ka saba da su: ruwan lemon tsami yana wajen 2 zuwa 2.5, lemon kwalba baƙi wajen 2.5, gahawa baƙa wajen 5, madarar saniya sabuwar tatsa wajen 6.7, yawun bakinmu kuwa kusa da 7. Ku riƙe lamba biyu a ka, gama za mu komo gare su: 4.6 ta madara, da 5.5 ta haƙori.

ABIN DA KE CIKIN MADARA

Madarar saniya yawancinta ruwa ne, wajen kashi 87 cikin 100. Sauran kuwa mai ne, da wani irin sukari, da gishiri-gishiri, da abincin gina jiki wanda ya kai kashi 3 da ɗan ɗoriya. Cikin wannan abincin gina jiki, kashi huɗu cikin biyar wani iri ne da a ke kira kesin. Shi ne ya kan zama cuku, shi ne kuma ya kan ba kindirmo kauri.

Kesin ba narkewa ya yi cikin madara kamar sukari cikin shayi ba. Yana nan a tattare cikin 'yan ƙwallaye ƙanana ƙwarai, waɗanda in an jera wajen 5,000 daga cikinsu sa'an nan su kai tsawon milimita ɗaya. Abin da ya ɗaure kowane ƙwallo daga ciki wani gishiri ne na kalsiyam da fosfet, yana aiki kamar turɓayar da ke tsakanin tubala. A bayan kowane ƙwallo kuma akwai wani abu kamar gashi-gashi, mai ɗauke da ƙarfin lantarki iri ɗaya. Kun dai ga yadda bakin maganaɗisu biyu masu kama ɗaya su ke tunkuɗe juna. To, haka ƙwallayen nan su ke, kowanne yana korar ɗan'uwansa, don haka ba su haɗuwa, suna ta yawo cikin ruwa. Su ne su ke mayar da haske, su da ɗigon mai, shi ya sa mu ke ganin madara fara fat.

Da tsami ya shigo, aiki biyu ya ke yi. Ya kan kashe ƙarfin lantarkin nan na gashin, har gashin ya kwanta. Ya kan kuma narkar da gishirin kalsiyam da ya ɗaure ƙwallon, ya fitar da shi cikin ruwa. Da zarar ba abin da ke raba su, sai ƙwallayen su manne da juna, goma su zama ɗari, ɗari su zama dubu, har su kai girman da ido zai gani. Wannan shi ne gudajin. In madara tana da sanyi, ba ta gama dunƙulewa sai tsaminta ya sauka wajen 4.6.

TO, INA LAIFIN GAHAWA?

Mai lura zai ce, ai ka ce gahawa tana kan 5, ba ta kai 4.6 ba, sa'an nan madarar da a ka zuba ma za ta rage mata tsami. Gaskiya ne, shi ya sa galibi madara ba ta tsinkewa. Sai abu uku sun taru a kanta: tsamin gahawa, da zafi, da tsamin da madarar ta zo da shi daga gida.

Tsamin gahawa daga ƙwayarta ya ke. Wadda ba a soya ƙwarai ba, mai ja-ja, ta fi baƙa ƙirin tsami, gama wuta tana cinye waɗansu daga cikin abubuwan tsamin. Gahawar da a ka dafa a ka bar ta ta daɗe bisa wuta ita ma tsaminta ƙaruwa ya ke yi.

Zafi kuwa shi ne mai ingiza. Cikin ruwa mai zafi ƙwallayen kesin suna gudu suna karo da juna da ƙarfi, gashin da ke tsare su kuma ya riga ya yi rauni. Saboda haka tsamin da bai isa ya taɓa madara mai sanyi ba, ya isa ya tsinka ta in ta faɗa cikin ruwan da ya sauko daga tafasa yanzu.

Na uku shi ne babba. Tun daga sa'ad da a ka tatsi saniya, waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke shiga madara, suna cin sukarinta, suna mayar da shi tsami. Luwi Fasto na ƙasar Faransa shi ya nuna a shekarar 1857 cewa masu rai ne ke wannan aiki, ba lalacewa ce kurum ba. A ƙasarmu mai zafi aikinsu da sauri ya ke. Madarar da ta kwana, ko wadda a ka buɗe ta yi kwanaki cikin firji da wuta ke ɗaukewa, ta riga ta fara gangarowa daga 6.7, ko da hanci bai ji ba, harshe ma bai ji ba. Tana bakin gaɓa, gahawa mai zafi ce kurum ta tura ta. Masu sayen madara don kamfanoni sun san wannan tuntuni. Ɗaya daga hanyoyin da su ke gwada ta shi ne su tafasa 'yar kaɗan, in ta dunƙule sun san ta fara tsufa. Watau kofin gahawarka ma irin gwajin nan ya ke yi maka kyauta.

Za ku lura madarar gwangwani da masu shayi su ke zuba mana ba ta cika yin haka ba. An dafa ta da zafi mai yawa cikin gwangwaninta har ƙwayoyin nan sun mutu, an kuma ƙara mata ɗan gishirin fosfet don ta jure. Madarar waken suya kuwa ta fi ta saniya saurin tsinkewa cikin gahawa, domin ba ta da ƙarfin danne tsami kamarta.

Kada mu ɗauka tsinkewar madara kullum ɓarna ce. Iyayenmu da gangan su ke yinta. Bafillatana in ta zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara ta rufe ƙwarya har ta yi barci, ƙwayoyin nan ta shuka, da safe ga kindirmo. Mai yin awara tana zuba ruwan tsami cikin tafasasshiyar madarar wake, nan take ta dunƙule ta taso. Masu yin cuku da tumfafiya kuwa hanyarsu dabam ce, gama abin da ke cikin ruwan tumfafiya aske gashin nan na kesin ya ke yi, ba da tsami ya ke aiki ba, amma ƙarshen duka ɗaya ne. Har cikinmu ma haka ya ke yi. Duk madarar da mu ka sha, tsamin tumbi ya kan dunƙule ta kafin ta narke, shi ya sa tumbuɗin jariri ya ke fitowa da gudaji. Don haka gudaji a kan kansa ba guba ba ne. In madarar lafiyayya ce, ba ta wari, abin da ya ɓaci kurum shi ne kyan gani da daɗin baki. In kuwa ta yi wari ko yauƙi ko ɗaci, a zubar. Ɗanyar madara kuma lalle a tafasa ta kafin a sha, domin tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da waɗansu cututtuka.

Mai son kauce wa gudaji ga dabaru. Ya yi amfani da sabuwar madara. Ya ɗan ɗumama ta. Ya bar gahawar ta huce minti biyu ko uku. Ya fara zuba madarar cikin kofi, sa'an nan ya tsiyayo gahawa a kanta a hankali yana motsawa, don tsamin ya riƙa isa gare ta kaɗan-kaɗan. Kada kuma ya haɗa madara da lemon tsami a kofi ɗaya, ko shayi ne ko gahawa.

DAGA KOFI ZUWA BAKI

Yanzu sai mu bi gahawar nan zuwa inda za ta, watau baki. Haƙori hawa uku ne. A waje akwai ɓawo mai ƙyalli wanda likitoci ke kira inamel. Ba abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kai shi ba. Wajen kashi 96 cikin 100 nasa dutse ne zalla, kaurinsa kuwa inda ya fi yawa bai wuce milimita 2.5 ba. A ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai kama da ƙashi, launinsa rawaya-rawaya, cike da 'yan ƙananan hanyoyi masu zuwa ciki. A can tsakiya kuma ga ɓargon haƙori inda jijiya da jini su ke.

To, wane irin dutse ne wannan na ɓawon haƙori? Kalsiyam ne da fosfet, dangin gishirin nan da ya ɗaure ƙwallayen madara. Kuma abin da tsami ya ke yi masa can, shi ya ke yi masa nan. Da tsamin baki ya sauka ƙasa da wajen 5.5, sai dutsen ya fara narkewa kaɗan-kaɗan. Kowa ya san yadda haƙori ya ke mutuwa in an sha ɗanyen mangwaro ko tsamiya. Allah cikin hikimarsa ya ba mu yawu, wanda ke wanke tsamin, ya kuma mayar da kalsiyam inda ya fita, muddin an ba shi lokaci. Amma in wuri ya zaizaye ya tafi gaba ɗaya, ba ya sake tsirowa, domin ɓawon nan ba shi da rai kamar fata ko ƙumba.

Launin haƙori iri biyu ne. Akwai na waje, wanda goro da taba da shayi da gahawa su ke shafawa. A da ma mata a ƙasar Hausa da gangan su ke rina haƙora ja da fure da goro, ado ne a lokacin, abin da ke nuna mana kowane zamani da abin da ya ke kira kyau. Akwai kuma launi na ciki. Hasken ɓawo ba ya ɓoye rawayar da ke ƙarƙashinsa duka, saboda haka lafiyayyen haƙori ba fari ba ne kamar takarda, ya fi kama da hauren giwa. Da mutum ya ke manyanta ɓawon ya kan ƙara sirancewa, rawayar ta ƙara fitowa.

Nan ne masu goge haƙori da lemon tsami, ko da toka, ko da garin gawayi mai kaushi su ke cutar kansu. Ran farko su kan ga haske, domin sun kankare dattin waje tare da ɗan ɓawon. Bayan shekaru sai haƙorin ya fi da rawaya, ya kuma ƙi jinin ruwan sanyi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Madara kuwa abokiyar haƙori ce ta hanya biyu. Tana rage wa gahawa tsami, kuma kesin ya kan kama abubuwan rinin da ke cikin abin sha ya hana su manne wa haƙori. A shekarar 2014 an gwada wannan da shayi a Jami'ar Albata ta ƙasar Kanada, a ka tsoma haƙoran da a ka cire cikin shayi baƙi da kuma shayi da madara, a ka ga na cikin mai madara ba su rinu kamar na ɗayan ba.

LEDAR HASKEN HAƘORI

Ledar nan 'yar siririya ce mai laushi, an shafa mata wani abu kamar kamu a gefe ɗaya. Maganin da ke ciki sunansa haidirojin feroksaid, irin ruwan nan mai kumfa da a ke wanke miki da shi a asibiti. Wani Bafaranshe mai suna Tenar ya gano shi a shekarar 1818. A shekarar 1989 likitocin haƙori biyu a Amurka, Hewud da Heman, su ka bayyana hanyar da mutum zai sa irin maganin nan cikin wani ɗan murfin roba ya kwana da shi a baki. Ledar mannawa kuwa kamfanin Procter & Gamble ya baza ta kantunan Amurka a shekarar 2001 da sunan Crest Whitestrips, daga baya waɗansu kamfanoni su ka bi sahu.

Aikinta ba kankara ba ne, ba kuma fenti ba ne. Maganin ratsa ɓawon haƙori ya ke yi ya shiga ciki, ya saki iskar oksijin mai kaifi, ita kuwa ta farfasa abubuwan da ke ba da launi har su daina nuna launin. Dangin aikin da ruwan bilic ya ke yi wa farin yadi ne, ko da ya ke magungunan ba ɗaya ba ne, kuma kada wani ya kuskura ya kai bilic bakinsa.

Gani ya kori ji, don haka na gwada ta da kaina. Na fara zuwa wurin likitan haƙori ya duba ni, ya tabbatar ba rami ba ciwon dasashi, ya kuma wanke mini dattin da ya daskare. Kowane ƙunshi leda biyu ne, doguwa ta sama, gajeriya ta ƙasa. Na kan share haƙora su bushe, in manna ta daidai bakin dasashi ba tare da ta hau shi ba, in lanƙwasa ragowar ta baya, in bar ta minti 30 kamar yadda takardar ta ce, sa'an nan in ɓare in kurkure baki. Haka kullum sau ɗaya har mako biyu. Yawu ya kan taru, magana ta kan yi nauyi, ta ƙasa kuma ta kan so zamewa.

Wajen rana ta huɗu na fara jin wani zugi mai kaifi in na sha ruwan randa, ko in iskar asuba ta bugi haƙoran gaba. Wannan sananne ne, shi ne abin da masu amfani da ita su ka fi kuka da shi, dalili kuwa maganin ya kan bi 'yan hanyoyin nan har ya taɓa jijiya. Na huta kwana ɗaya, na koma ga man goge baki na masu irin wannan zugi, ya lafa. Da na gama, haƙoran gaba sun yi haske, ba shakka, amma hasken hauren giwa ne wanda a ka wanke, ba irin na hoton da ke jikin kwali ba. Tsakankanin haƙora, da wani guda ɗaya da ya ɗan shige ciki, ba su yi haske kamar saura ba, domin ledar ba ta kwanta a kansu sosai ba. Wani tsohon ciko da ke gefe kuwa ko gezau, yana nan da launinsa. Bayan watanni, da ya ke ban bar gahawa ba, launin ya fara komowa a hankali.

INDA HATSARIN YA KE

Ledar kirki, in an bi ƙa'idarta, binciken likitoci ya nuna ba ta cika yin lahani mai ɗorewa ba. Zugin da ɗan ƙunar dasashi su kan wuce cikin kwanaki. Hatsarin yana wuri uku.

Na ɗaya, ƙarfin maganin. Irin waɗanda a ke sayarwa a Amurka su kan ɗauki daga wajen kashi 5 har zuwa 14 cikin 100. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun yi doka a shekarar 2011, ta fara aiki a 2012, cewa abin da ya wuce kashi 0.1 ba a sayar da shi kai tsaye ga jama'a. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kun ga ke nan masana ba su ɗauke ta abin wasa ba.

Na biyu, tsohon abokin gabanmu, tsami. Maganin nan ya fi daɗewa bai lalace ba in an aje shi cikin tsami, saboda haka waɗansu masu yinsa su kan tsamama shi. A shekarar 2000 masu bincike a Kanada su ka auna kayan hasken haƙori iri 26, su ka tarar waɗansu sun sauka ƙasa da 4 a ma'aunin pH. Ku tuna ɓawon haƙori a 5.5 ya ke fara narkewa. Mutum ya manna irin wannan rabin sa'a kullum, ai lemon tsami ya ɗaura wa haƙoransa bai sani ba. Don haka a guji wadda ba sunan kamfani, ba jerin abin da ke ciki, ba lambar hukumar NAFDAC, komai arharta, komai kuma daɗin bakin mai talla a intanet.

Na uku, sa ta inda ba wurinta ba. Mai ramin haƙori ko mai dasashi mai jini, in ya sa ta azaba zai sha, ciwon kuma yana nan yana ci. Ba ta canja launin ciko ko haƙorin roba ko na makka. Haƙori guda da ya yi baƙi bayan faɗuwa ko duka, wataƙila jijiyarsa ce ta mutu, aikin likita ne. Akwai kuma launin da ya samo asali tun ƙuruciya, kamar na wanda a ka ba maganin tetarasaikilin yana ƙarami, ko na waɗanda su ka tashi inda ruwan sha ya ke da sinadarin fuloraid fiye da kima, kamar yadda a ka samu a wajajen Langtang da Kaltungo. Irin wannan ba ƙazanta ba ce, goga ba ta fitar da shi, leda ita kaɗai kuma ba ta cika isa ba. Mace mai ciki da mai goyo, shawarar likitoci ita ce su dakata. Yara kuwa a bar su sam.

Wanda ya ƙudura zai gwada, ya fara ganin likita, kada ya wuce mintocin da a ka rubuta, kada ya kwana da ita, kada kuma ya maimaita zagaye bisa zagaye don neman farin da Allah bai halitta ba. A kwanakin da ya ke sa ta ya rage lemon kwalba da zoɓo da tsamiya. Ko ba mai sa leda ba, in ya sha abu mai tsami ya kurkure baki da ruwa, ya jira kamar rabin sa'a kafin ya goge, domin a lokacin ɓawon ya yi laushi, buroshi ko asuwaki na iya cin sa.

DARASI DON AJI

Mu da mu ke shirin zama malamai, wannan magana tana da amfani gare mu fiye da kowa, gama ana iya koyar da ita ba tare da ɗakin gwaji ba. Samo kofi huɗu na gilashi. Zuba sabuwar madara mai sanyi a biyu, mai zafi a biyu. Ɗiga lemon tsami cikin mai sanyi ɗaya da mai zafi ɗaya, yara suna ƙirga ɗigon, su ga wadda ta riga tsinkewa. Sauran biyun a bar su ba a taɓa ba, don a gwama. Kashegari a kawo madarar da ta kwana a ɗumama ta gabansu.

In ana son ma'aunin tsami, ruwan zoɓo ya isa. Ɗiga masa lemon tsami, ja zai ƙara haske. Ɗiga masa ruwan kanwa, sai ya juya ya yi duhu, kore-kore. Don nuna aikin tsami a kan haƙori kuwa, a sa ɓawon ƙwai cikin ruwan lemon tsami, wani cikin ruwa zalla, wani cikin baƙar gahawa, wani cikin gahawa da madara, a bar su kwana biyu. A gaya wa yara gaskiya cewa ɓawon ƙwai ba daidai ya ke da haƙori ba, ya fi shi saurin narkewa, amma shi ma kalsiyam ne ƙarfinsa. Za su ga wanda ya rinu kurum, su ga wanda ya zaizaye. Sai ka tambaye su, cikin biyun wanne ne a ke iya gyarawa?

Yaron da ya amsa wannan tambaya da bakinsa ba zai goge haƙoransa da lemon tsami ba, kuma ran da ya girma mai talla ba zai ruɗe shi da hoto ba. Ka kuma ja kunnen 'yan aji kada su yi wa ɗan'uwansu dariya don haƙoransa sun yi ja ko rawaya, gama sau da yawa ruwan garinsu ne, ba rashin tsabta ba. Haƙori mai rawaya wanda ɓawonsa ya ke nan cikakke ya fi fari tas wanda ba ya iya taunar rake. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu amfani yaran da za a ba mu amana, amin.